Hutun Sista Fetuwa

Sunanta na gaskiya Perpetua, amma matan Nguru ba su da lokacin murɗa harshe, sai suka mai da ita Sista Fetuwa. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin mata da ke bayan tashar jirgi. Ta zo garin daga kudu tun kafin yaƙin basasa, yaƙi ya kore ta, da aka gama kuma ta dawo ita da mijinta Bartholomew, mai shagon kayan gini a bakin kasuwa: ƙusa, kwanon rufi, fenti, kwaɗo da makulli. Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya.

A bazarar shekarar saba'in da huɗu, Fetuwa ta yi wata huɗu ba ta samu wuni guda nata na kanta ba. An yi wa abokiyar aikinta canjin wuri, aka ce za a turo wata, ana ta turowa a baki. Sai da bikin Ista ya matso sannan aka aro wata ungozoma ta riƙe mata Litinin ɗin hutu. Wuni ɗaya tak.

Ta san abin da za ta yi da shi. A wani ƙauye kusa da Katuzu, bayan Gashua, akwai wata mai ginin tukwane, Ya Meram. Shekara uku da suka wuce aka kawo 'yarta Nguru a kan haihuwa mai wuya, Fetuwa ta yi kwana biyu a tsaye a kanta har uwa da ɗa suka tsira. Tun daga nan duk shekara Ya Meram takan aiko mata da tulu a motar kasuwa, tare da saƙo iri ɗaya: ta zo idan marga ta yi fure, su zauna a gindinta, ta koya mata zanen tukunya. Sau uku Fetuwa tana cewa to. Bana dai ta yi niyya: ta shiga motar haya da sassafe, ta wuni can, ta dawo kafin magariba. Ba ta nemi rakiyar kowa ba.

Kuskurenta ɗaya, ta faɗa wa mijinta. Shi kuma Bartholomew mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa, washegari ya zazzage ta a shago, a daidai lokacin da Mista Sabitu yake zaune a kan benci yana fifita da jarida.

Sabitu jami'in raya karkara ne. An tura shi kwas na wata shida a Ibadan, ya dawo da tabarau marar magani, da jakar hannu, da lofe wanda ba a taɓa ganin hayaƙi ya fito daga cikinsa ba. Duk maganar da zai yi sai ya soma da, "A ƙasashen da suka ci gaba," alhali iyakar ci gabansa Ibadan ce. Shekara uku yana raya karkara, abin da karkara ta gani daga hannunsa allo ne guda biyu da aka kafa a bakin hanya, ɗaya ma gara ta cinye ƙafarsa. Idan aka ce masa Malam sai ya ɓata rai. Mista yake so.

Da yamma sai ga shi a gidan Fetuwa, shi da maigidan, kowa yana washe baki.

"Sista, na ji labari mai daɗi," in ji Sabitu. "Wannan ai shi ne abin da muke kira bunƙasa sana'ar hannu. A ƙasashen da suka ci gaba, ranar hutu mutane kan fita kallon furanni, su yi wa tukwane ado. Ashe akwai masu tunani irin nawa a garin nan."

"Ziyara kawai zan je, Mista Sabitu."

"Ziyara! A motar haya, cikin buhunan kifi? Haba. Motar ofis tana nan. Ƙarfe shida daidai muna bakin ƙofarki."

Fetuwa ta kalli mijinta. Shi kuwa ya mai da ido kan rufin ɗaki kamar yau ya soma ganinsa. Bayan baƙon ya tafi ta ce wa mijin, "Baban Chinyere, wa ya aike ka?"

"Taimako ne fa. Kuma ya ɗauki fenti gwangwani shida, kore da fari da ja."

"Fenti na me?"

"Ya ce na shiri ne."

Ta dai gane cewa an riga an sayar da hutunta a shago tare da fenti.

Ranar Litinin ƙarfe shida ta shirya, ta ɗaura zaninta, ta ƙulle sabulu da sukari da ganyen shayi na tsaraba. Bakwai ta yi, takwas ta wuce. Motar hayar da ta so shiga ta bi ta ƙofar gidan tana kallo. Sai wajen takwas da rabi motar ofis ta tsaya, Malam Saleh direba a gaba, dattijo mai furfura da ba ya son yawan magana, Sabitu a gefensa cikin farin wando da farar taguwa an sha guga, kyamara rataye a wuya. Bai ba da haƙuri ba. Cewa ya yi su hanzarta, don lokaci abu ne mai daraja.

A Jajimaji ya sa aka tsaya don ya gaisa da wani mutum. Mutumin ba ya nan, amma Sabitu ya yi rabin awa yana zagaya kasuwa da jakarsa don a ga cewa ya zo. Bayan sun bar garin kaɗan mota ta kafe a rairayi. Saleh ya sassauta iskar taya, Bartholomew ya tuɓe riga, Fetuwa ta tattare zani, suka shiga turi. Sabitu ya koma inuwar wata aduwa yana nuni da lofe.

"Ku tura tare! Matsalarmu ke nan a ƙasar nan, rashin haɗin kai."

Saleh ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai sauran wuri a bayan motar."

Sabitu ya yi kamar bai ji ba.

Rana ta kusa tsakiya suka wuce Gashua, suka sauka daga babbar hanya suka bi ta gefen fadama. Tun daga nesa Fetuwa ta hango itaciyar. Duk dajin ya bushe ya yi fari, ciyawa ta ƙone, amma margar nan ta zubar da ganye ta yi fure tun daga sama har ƙasa, rawaya zar, tsintsiya-tsintsiya suna lilo. Ƙasan gindinta ma ya yi rawaya. Sabitu ya duba agogo ya ce a Ibadan akwai wadda ta fi wannan girma.

Ya Meram ta fito daga zauren kara, doguwar mace siririya, hannuwanta sun yi kanta saboda yumɓu da wuta. Ta rungume Fetuwa tana ta "Wushe, wushe, lale da 'yata," sannan ta dubi mazan uku da motar.

"Waɗannan fa?"

"Maigidana ne, Ya Meram. Wannan Malam Saleh. Wannan kuma..."

"Mista Sabitu, jami'in raya karkara," ya karɓe. "Iya, yau kin yi sa'a."

Ya Meram ta dube shi daga hula har takalmi. Ta ce, "To, madalla. Ku shigo inuwa."

Ta riga ta shirya komai tun safe. Ta shimfiɗa tabarma a gindin marga, ta ajiye ƙananan tukwane huɗu waɗanda ba a gasa ba tukuna, da kasko na jar ƙasa da aka dama, da wani na farar ƙasa, da gashin kaza 'yan ƙwarori. Can gefe, jikin danga, manyan randuna goma sha ɗaya ne a jere, gasassu, jajaye, an goge su suna ƙyalli. Aikin wata biyu ke nan, suna jiran ranar kasuwar Gashua. Ta ɗebo musu ruwa daga tata randar ta cikin gida. Sanyinsa har haƙori. Sabitu ya shanye moɗa biyu, sannan ya miƙe ya gyara murya.

Jawabi ya yi musu. Masu sauraro su huɗu ne, da wata akuya. Ya yi bayani a kan zamani, da kasuwar duniya, da yadda Turawa ke son kaya masu launi, da yadda jahilci ya hana mutanen karkara cin moriyar abin da ke hannunsu. Ya ce tukwanen Iya ba laifi, sai dai duk kamarsu ɗaya, ba tsari, ba kimiyya.

"Shekara nawa kina wannan aiki, Iya?"

"Ban ƙirga ba. Na dai gina randar da aka yi wa uban mai garin nan wankan suna da ruwanta."

"Kin gani! Duk shekarun nan ba canji."

"Ruwan ma bai canja ba," in ji ta. Ta juya wajen Fetuwa. "Taso ki taya ni kwashe abinci, kun sha hanya."

Suka shiga ciki. Burabusko ta yi da miyar kuka da bandar tarwaɗa. Suna kwashewa suna hira, Ya Meram tana ba ta labarin jikan nan da Fetuwa ta karɓi haihuwarsa, yadda ya yi ƙiba ya yi baki, uwarsa kuma tana can gidan mijinta da wani cikin. Fetuwa ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ba su fi rabin awa ba a ciki. Warin ne ya fara iso musu.

Da suka fito da akushi a hannu, sai suka tarar Sabitu ya ɗaura tsohon buhu a gaba don kada wandonsa ya ɓaci, buroshi a hannu. Bartholomew yana riƙe masa gwangwani. Randa takwas sun riga sun sha fenti, kore a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, har cikin bakinsu. Fentin yana zuba yana bin jikinsu kamar majina. A kan babbar cikinsu ya rubuta CI GABA da ja, harafin ƙarshe ya rasa wuri ya karkace ya gangara gindi. Malam Saleh yana can jikin mota ya juya musu baya.

Fetuwa ta ajiye akushin. "Baban Chinyere! Me kuke yi haka?"

"Ya ce Iya za ta ji daɗi."

Ya Meram ba ta yi ihu ba. Ta taka a hankali ta zagaya randunan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a gaban babbar.

"Wa ya ba ka?"

"Kyauta ce, Iya, ba sai kin gode ba. Daga yau kayanki sun shiga sahun na zamani."

"Na ce wa ya ba ka randunan."

Sabitu ya yi 'yar dariya ya dubi Bartholomew, irin kallon nan na ka ga abin da nake faɗa maka.

Ta ce, "Yaro, ka san abin da ke sa ruwan randa sanyi?"

"Inuwa mana."

"Gumi take yi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana bugawa, na ciki ya yi sanyi. Ka toshe mata jiki. Wannan yanzu ba randa ba ce, garwa ce."

"A'a, Iya, nan ne kuka yi kuskure. Gumin nan da kike faɗa yoyo ne. Asarar ruwa ce, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Mun karanta wannan."

"Ruwan da ka sha ɗazu, moɗa biyu, daga mai yoyon ya fito."

"Wannan dabam."

"To," in ji Ya Meram. Ta je ta tsaya a gaban randuna ukun da suka rage, ta harɗe hannu. "Waɗannan jahilai ne irina, ka bar su haka. Ku zo ku ci abinci."

Aka ci abinci shiru, in ban da Sabitu, wanda ya ci rabin kifin yana bayanin amfanin kifi a jikin ɗan Adam. Fetuwa ko loma uku ba ta yi ba. Kunya ta hana ta ɗaga ido ta kalli matar da ta gayyace ta.

Bayan Saleh da Ya Meram sun yi azahar, Sabitu ya ce saura hoto, don rahoto ba ya cika sai da hoto. So yake a jera randunan, a cusa rassan fure a bakin kowace, Iya ta tsaya a tsakiya tana murmushi, shi kuma yana miƙa mata buroshi. Ya ce wa Saleh ya hau ya saro rassa.

"Ranka ya daɗe, tuƙi aka ɗauke ni."

Bartholomew ya ce shi gwiwarsa ba ta hawan itace. Sabitu ya yi tsaki, ya ce wannan ita ce matsalar, kowa yana jiran wani. Ya cire takalmi, ya karɓi adda daga mota.

Ya Meram ta ce, "Furen nan a sama ya fi kyau. Kuma akwai amyar Dunoma maƙwabcina a can reshen gabas. Ƙudan zuma ba sa son sara, ba sa son wari, kai kuwa ka haɗa duka biyu."

"Iya, mun yi darasin kiwon zuma na mako guda. In ba ka tsorata ba, ba sa harbi."

Ya hau da ƙyar, farin wando yana gogar ɓawon itace. Sara na farko, fure ya zubo kamar ruwa. Na biyu, reshe ya faɗo. A na uku ne aka ji ƙugi. Ya Meram ta kama hannun Fetuwa ta ja ta cikin zaure ta saki asabari. Saleh ya riga ya shige mota ya ɗaga gilashi. Bartholomew ya kwanta rub da ciki ya rufa da buhu. Ta ƙofar asabari Fetuwa ta ga jami'in raya karkara ya sauko ba ta hanyar da ya hau ba, ya faɗa kan gwangwanin jan fenti, ya tashi ya zura da gudu wajen fadama yana marin kansa yana kiran sunan uwarsa. Ba da Turanci ya kira ta ba. Ya faɗa cikin wani guntun tafki da bai gama ƙafewa ba, ya nutse har wuya a cikin taɓo.

Da ƙura ta lafa aka jawo shi. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya kumbura ya yi kamar na raƙumi, tabarau ya tafi. Fetuwa ta zaunar da shi ta duba numfashinsa, ta taɓa wuyansa, ta ga ba abin tsoro. Ta zare masa ƙarin ƙudan zuman ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ashirin da wani abu, ba ta ce masa sannu ba ko sau ɗaya.

"Sista, zan mutu?" Maganar da ƙyar take fita.

"Ba yau ba. Malam Saleh, kai shi Gashua a ba shi maganin kumburi. Baban Chinyere, bi su."

"Ke fa?" in ji Sabitu. "Ai ke ce ma'aikaciyar lafiya. Dole ki raka ni."

"Ni ungozoma ce, Mista Sabitu. In naƙuda ta kama ka a aiko mini. Yau hutu nake."

Saleh ya tayar da mota, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa. Kafin ya ja ya leƙo ya ce a hankali, "Sista, hanyar nan ba kyau. Zan yi a hankali ƙwarai. Ba na jin za mu dawo kafin la'asar sakaliya."

Ƙarar mota ta yi nisa, wurin ya yi tsit. Ƙudan zuma sun koma harkarsu. Ya Meram ta kakkaɓe tabarma, ta jawo ta can gefen da iska ba ta kawo warin fenti, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Ya Meram, ki yafe mini. Ni na jawo miki."

"Ke kika haife shi? Zauna. Ɗauki wannan."

Ta miƙa mata ƙaramar tukunya da gashin kaza. Ta nuna mata yadda ake tsoma bakin gashin a jar ƙasa, a ɗora tukunyar a cinya, hannu ya tsaya cik, tukunyar ce ke juyawa. Ita ta ja layi ɗaya ya zagayo ya haɗu da kansa kamar da zare aka auna. Fetuwa ta gwada. Nata layin ya tashi daga wuya ya ƙare a ciki.

"Ikon Allah," in ji Ya Meram. "Hannun da ke juya ɗa a cikin uwarsa, ya kasa juya tukunya. Goge ki sake."

Ta goge ta sake. Na uku ya ɗan yi dama. Sai ta ce ita fure take so ta zana, irin na saman kansu. Ya Meram ta ce su ba sa zana fure, layi suke yi da ɗigo da ƙafar kaza, amma tukunyarta ce, ta yi abin da ta ga dama. Fetuwa ta duƙufa. Ta manta da asibiti, ta manta da mijinta, har harshenta ya ɗan leƙo waje kamar yarinya mai koyon rubutu. Iska mai zafi takan taso daga fadama ta girgiza rassa, furanni su zubo musu a ka, a cinya, a cikin kaskon farar ƙasa. Wani ya faɗo ya manne a jikin ɗanyen zanen, ta bar shi.

Da ta gama ta ɗaga ta nuna.

Ya Meram ta karkata kai ta daɗe tana kallo. "Wannan fure ne ko ƙadangare mota ta taka?"

Suka yi dariya har Fetuwa ta share hawaye da bakin zani. Ya Meram ta ce a bar shi haka, za ta gasa mata tukunyar tare da na mako mai zuwa, amma kada ta faɗa wa kowa a gidan wa aka yi.

Da rana ta yi sanyi suka taka zuwa bakin tafkin. Inda Sabitu ya faɗa ya dagule, amma can ɗaya gefen akwai sauran bado, 'yan furanni farare sun soma rufewa, balbelu suna tsaye a tsakaninsu. Darbejiyar bakin hanya ita ma ta yi fure, ƙanana da ba a lura da su sai ƙamshi ya tsayar da mutum. Fetuwa ta cire takalmi ta tsoma ƙafa a ruwan. Duka-duka abin bai fi awa biyu ba, amma shi ne hutun.

Mota ta dawo rana ta yi ja. An shafe fuskar Sabitu da wani farin magani, ya zauna a gaba bai sauko ba. Ya Meram ta ce wa Saleh da Bartholomew su loda randuna takwas ɗin duka.

Sabitu ya buɗe ido ɗayan da ke aiki. "A'a, Iya, naki ne. Ki kai kasuwa ki ga yadda za a yi rububi."

"Ni da kasuwar Gashua mun san juna tun ba a haife ka ba. Ba za a ce wannan daga hannuna ya fito ba. Kwashe kayanka."

Aka loda su a kan ciyawa. Biyu suka fashe kafin Jajimaji.

Cikin sauran shidan Sabitu ya rarraba biyar ga manya a Nguru, ya ajiye mai rubutun a gidansa. Ba a yi kwana uku ba labari ya zagaya gari. Ruwa a cikinsu ɗumi yake yi kamar na wankan jego, ga ɗanɗanon fenti. Wani babban ma'aikaci ya sa aka mai da tasa mazubin toka. Wata kuma an gan ta a bayan gidan wani attajiri, kaza tana kwanci a ciki. Duk da haka Sabitu ya zauna ya rubuta rahoto shafi tara a kan nasarar shirin zamanantar da tukwane a ƙasar Bade, ba hoto ko ɗaya, don kyamarar ta sha taɓo. Daga Maiduguri aka aiko masa da takardar yabo, ya sa ta a gilashi ya rataye a ofis.

Fetuwa kuwa kwana biyar ba ta yi wa mijinta magana ba sai abin da ya zama dole. Ran na shida Bartholomew da kansa ya ɗauko kwanon rufi daga shago ya ɗora a motar kasuwa, aka kai wa Ya Meram ta rufe rumfar da take shanya tukwane kafin damina ta sauka. Motar da ta kai kwanon ita ta dawo da ƙaramar tukunyar a naɗe cikin tsumma. Wuta ta cinye rabin zanen. Fetuwa ta ɗora ta a kan tagar ɗakin haihuwa tana zuba auduga a ciki, duk wadda ta tambaya sai ta ce ita ta yi.

Bayan kamar wata guda, zafi ya kai inda ya kai, sai ga Malam Saleh a ƙofar Ya Meram shi kaɗai. Bayan gaisuwa ya yi ta kame-kame, sannan ya ce an aiko shi ya sayi randa babba, marar fenti, kuma an ce kada ya faɗi wanda ya aiko shi.

Ya Meram tana cuɗa yumɓu, ba ta ɗago ba. "Matar maigidan naka mai fenti ce ta tayar masa da hankali?"

"Ta ce ko randa ko gidan ubanta."

"Baiwar Allah, ita ba ta yi mini komai ba." Ta nuna masa ɗaya da haɓa. "Ɗauki waccan ka kai mata. Shi kuma ka ce masa tana yoyo, kada ya sha."